Layi na Biyu a Fom ɗin Babana

Zuwa ga Alhaji Injiniya Lawan,
Jami'in kula da ma'aikata a kamfanin jiragen kaya da mahaifina yake wa aiki,
Old Trafford, Manchester.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda 'ya take yi wa uba, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da dukan mutanen gida. Yaya aiki, yaya sanyi? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin.

Baba Injiniya, sunana Safura Adamu. Shekarata goma sha biyar, ina Year 11, ajin da ake rubuta jarrabawar gama sakandare. Ni ce 'yar Malam Adamu na Longsight, mutumin Kumasi, wanda kuke sallar Juma'a a masallaci ɗaya, wanda kuma kai da kanka ka tsaya masa har ya sami aiki a ɗaya daga cikin jiragenku shekara shida da suka wuce. A gidanmu ba a taɓa mantawa da wannan alherin ba. Mahaifiyata, da muke kira Mma, har yau tana sa ka a addu'a.

Ni ba mai yawan magana ba ce. A aji ma sai an kira sunana nake buɗe baki. Na aiko maka da imel sau biyu ta adireshin ofis, ɗaya makonni uku da suka wuce, ɗaya a makon jiya, ban sami amsa ba. Mai yiwuwa ba su iso gare ka ba. Amma GP, likitanmu na unguwa, ya sa wa Baba hannu cewa ya warke, zai koma jirgi ranar Litinin mai zuwa, kuma ba ni da sauran lokacin jira. Shi ya sa na rubuto wannan a fili, a zauren al'ummarmu na waya inda na san kana karantawa, na kuma rubuta da Hausa domin iyayenmu mata su ji da kunnensu. Baba bai san na rubuta ba. Idan na yi kuskuren ladabi, ka yafe mini, ka ɗauke ni kamar 'yarka.

Na ɗaya: tekun da Baba yake aiki a kai.

Ka fi ni sanin wannan tekun, amma da yawa daga cikin iyayenmu mata ba su taɓa ganin taswirarsa ba, alhali mazajensu a kansa suke kwana. Tekun Ireland ƙarami ne idan ka dube shi a takarda, tafin hannuna yana rufe shi. A ajin labarin ƙasa malamarmu ta sa muka zana shi, muka rubuta waɗanda suke kewaye da shi: Ingila, Wales, Scotland, Ireland ta Arewa, Jamhuriyar Ireland, sai kuma tsibirin Man a tsakiya, wanda ba ya cikin Birtaniya yadda na zata, yana da gwamnatinsa da dokokinsa da asibitinsa. Ta ce mana kowace daga cikinsu tana da hannu a ruwan, kuma dole su yi aiki tare a kan kifi da hanyar jirage da ceton mutane da manyan fankokin nan da aka kafa a cikin teku don samar da lantarki. Na rubuta duk wannan a jarrabawar gwaji, na sami maki mai kyau, na kawo wa Baba ya gani.

Mun kuma koyi cewa ta wannan ruwan auduga take shigowa Liverpool a da, ta zo Manchester a saƙa ta, a mayar da atamfa har kasuwannin ƙasarmu, kuma daga nan ne jiragen bayi suka riƙa tashi zuwa gaɓar Ghana. Baba ya ce kakansa ma ɗan dako ne a bakin teku, huhunan goro yake lodawa a jirgin da ke zuwa Ikko. Shi kuwa jirginsu ƙarami ne, yana zagaya tashoshi da abincin dabbobi da katako da gishirin nan da council, wato ƙaramar hukuma, take watsawa a titi idan ƙanƙara ta sauka. Duk lokacin da na ga motar gishiri ta wuce ta Stockport Road, nakan ce a raina wataƙila Baba ne ya kawo shi. Jirgin yana ɗauke da tutar wata ƙasa mai nisa da Baba bai taɓa takawa ba, kyaftin ɗin daga wata ƙasa yake, ofishinku kuma yana nan Ingila.

A da ina jin daɗin wannan duka. Ban san cewa ruwan da yake da masu shi da yawa haka, ranar da wani abu ya faru da naka a kansa, za ka rasa ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ba.

Na biyu: abin da na gani ranar Laraba.

Akwai manhaja a wayata da take nuna jiragen ruwa a kan taswira, kowane jirgi 'yar kibiya ce. Baba ne ya sa mini ita, ya ce idan na yi kewarsa in duba. Sun tashi daga Liverpool ranar Talata za su Ireland ta Arewa ɗaukar gishiri. Na san hanyar kamar yadda na san hanyar makaranta. Ranar Laraba da safe, lokacin break, ɗan hutun da ake ba mu a makaranta, na duba sai na ga kibiyar ta karkata, ta bar hanyarta ta nufi tsibirin Man. Na ce wataƙila iska ce, domin ranar ko a nan Longsight kwandunan shara sun zube a titi. Lokacin abincin rana na sake dubawa, na ga ta tsaya cak a kusa da tsibirin. Na kira wayar Baba, a kashe.

A darasin lissafi na kasa haƙuri, na fito da wayar a ƙarƙashin tebur. Malamin ya gani ya karɓe ta, kuma gaskiyarsa, doka ce. Na kasa gaya masa dalili. Na zauna awa biyu ina kallon allo ban ga komai ba. Da aka tashi ya mayar mini, kibiyar ta koma kan hanya tana tafiya kamar ba abin da ya faru. Wannan ya fi tayar mini da hankali. Jirgin kaya ba ya ratsewa ya tsaya a inda ba shi da kaya, sannan ya ci gaba, sai idan ya sauke wani.

Na iso gida ƙarfe huɗu saura. Mma tana yanka albasa. Na daɗe a bakin ƙofar kicin kafin na nuna mata wayar.

Na uku: wayoyin da muka yi.

Mun fara da ofishinku. Ni na yi magana, domin Turancina ya fi na Mma sauri. Matar da ta ɗauka ta tambayi sunan Mma, ta duba, ta ce ba za ta iya gaya mana komai ba, domin ba sunanta ne a fom ɗin next of kin ba, wato wanda za a sanar idan wani abu ya sami ma'aikaci. Na ce matarsa ce, shekara sha tara da aure. Ta ce sunan ƙarshe ma ba ɗaya ba ne. Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa a wurinmu mace ba ta barin sunan mahaifinta, kuma a masallaci aka ɗaura auren a Kumasi. Ta ce ta ji, amma hannunta a ɗaure yake. Na tambaye ta abu ɗaya kawai, yana da rai? Ta ce ba za ta iya cewa komai ba.

Daga nan na nemi lambobin masu gadin gaɓar teku da na tashoshi, na wannan ɓangaren da na wancan. Ba na zargin kowa daga cikinsu. Duk sun yi mini magana da tausasawa, wani ma ya tambaye ni ko akwai babba a kusa da ni. Amma kowannensu ya gaya mini gaskiya: labarin ma'aikacin jirgi a wurin kamfaninsa ake samu. Duk sunayen da na haddace don jarrabawa na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane ya dawo da ni ofishinku.

Sai Mma ta ce a kira ka. Ta ce Injiniya namu ne, ba zai bar mu a haka ba. Ƙarfe biyar da rabi ka ɗauka. Ina tsaye kusa da ita, na ji muryarka. Ka gaisa da ita, ka ce kana cikin taro, sannan ka ce: "Mun riga mun sanar da babbansa. Ku jira shi."

Baba Injiniya, na yarda ba da mugun nufi ka faɗa ba. Na san kana tsakanin dokar ofis da sanin ya kamata. Amma kai Bahaushe ne. Ka san irin labarin da ake kai wa babban gida a ce mata su jira. Baturiyar ofis ba ta sani ba, kai ka sani. Da ka ƙara kalma uku, ka ce yana da rai, da ban rubuta wannan wasiƙar ba.

Na huɗu: ranar Alhamis.

Babban da ka ambata shi ne Baba Yakubu, yayan mahaifina, wanda yake zaune a Erdington, a Birmingham. Sunansa ne a fom. Ya haura saba'in, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, kuma shi ya riƙe Baba tun yana ƙarami bayan rasuwar kakanmu. Ina roƙonsa ya yafe mini ambaton sunansa a nan, ban kawo shi don in kunyata shi ba. Abin da aka koya masa ya yi.

Daga baya muka san cewa tun azahar ta Laraba ofishinku ya kira shi. An yi masa bayani da Turanci da sauri, ya ji an ce haɗari, an ce kai, an ce asibiti, sauran ya wuce shi, kuma bai ga ya dace da girmansa ya ce a maimaita ba. A tarbiyyarsa ba a gaya wa matar ƙani irin wannan labari ta waya. Zuwa ake yi da ƙafa, tare da dattawa. Ba ya tuƙi, wanda zai kawo shi kuma yana aiki, sai da safe zai samu. Mma ta kira shi sau bakwai. Yana kallon wayar tana ƙara, bai ɗauka ba, domin ba zai iya yi mata ƙarya ba kuma ba zai faɗa ta waya ba.

Ba zan ba da labarin yadda muka kwana ba. Ban je makaranta ba, Mma ba ta je aiki ba.

Wajen ƙarfe goma da rabi na safe mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ina taga. Maza uku suka fito da manyan riguna da huluna, a ranar aiki, ba suna ba biki. Layinmu gidaje ne a manne da juna, ba abin da yake ɓuya. Kafin su ƙwanƙwasa, maƙwabciyarmu Hajiya Memuna ta riga ta fito da hijabi tana salati, wata kuma ta tsallako da tabarmi a hammata. Mma ta leƙa ta gan su. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa a tsakiyar falo, ta cire 'yan kunnenta, ta zare awarwaronta, ta miƙo mini. Ta ce in ajiye. Na gane takaba take shirin shiga, na riƙe su a hannu ban san inda zan sa su ba.

Dattawan suka shigo suka zauna. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka tambayi sanyi. Ɗaya daga cikinsu ya yi addu'a mai tsawo a kan haƙuri da karɓar ƙaddara. Sai bayan an shafa Baba Yakubu ya gyara murya ya ce Adamu ya faɗi a jirgi, yana asibiti, kuma da ransa a lokacin da aka kira. Hajiya Memuna ta ce, to Alhaji, ai da wannan za ka fara! Mma ta tambaye shi wane asibiti, a wace ƙasa. Bai sani ba. Ni da ban taɓa magana a gaban waɗannan dattawan ba, na durƙusa na nuna musu taswira a waya, na ce ina jin a nan ne. Ɗayansu ya ce bai taɓa sanin akwai ƙasa a tsakiyar ruwan ba.

Baba Yakubu ya kira ka da wayarsa. Cikin minti biyar ka ba shi sunan asibitin da lambar ɗakin. Minti biyar, Baba Injiniya. Lambar tana hannunka tun ranar Laraba.

Ƙarfe goma sha biyu muka ji muryar Baba. Igiyar ruwa ce ta bugi jirgin yana kan tsani, ya faɗo kansa ya bugi ƙarfe, ya suma. Jirgin ceto ya ɗauke shi zuwa tsibirin, kuma mutanen can sun kula da shi sosai, Allah ya saka musu. Ya farfaɗo tun yammacin Laraba, amma wayarsa ta tafi da jirgi. Da ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi ko a kira gida, sai ya ce kamfani ya gaya wa yayansa, hankalinsa a kwance. Daga lokacin da ya faɗi zuwa lokacin da matarsa ta ji muryarsa, na lissafa, awa ashirin da shida.

Na biyar: fom ɗin kansa.

Da Baba ya dawo da ɗinki a bayan kai, na jira sai da ya fara cin abinci sosai, sannan na roƙe shi ya je ofis a canja sunan. Ya sa na ɗauko masa kwafen fom ɗin daga cikin jakar takardunsa. Na duba shi da kyau. A ƙarƙashin next of kin layi ɗaya ne. Suna ɗaya, lamba ɗaya, ba wurin ƙari.

Baba ya ce ranar da ya cika shi bai ma yi tunani ba. An tambaye shi wane ne nasa mafi kusa, yayansa yana raye, wa zai rubuta? Ya ce kuma yanzu idan zai sa sunan Mma, dole ya soke na Baba Yakubu, kuma shi hannunsa ba zai ja layi a kan sunan mutumin da ya yi masa uba ba, musamman bayan dattijon ya taso daga Birmingham saboda shi. Ya ce labari zai kai Erdington, ya kai Kumasi, a ce Adamu ya cire yayansa ya sa mace. Mma da kanta ta ce in bar maganar, ba ta so a ce ita ta raba 'yan'uwa. Na yi kuka, na ce to idan ya sake faruwa fa? Baba ya ce Allah zai tsare. Ya ninke fom ɗin ya mayar cikin jaka.

Na yarda Allah ne mai tsarewa. Amma na yi ta tunani, na ga ba Baba ne ya kamata ya zaɓa tsakanin yayansa da matarsa ba. Wanda ya tsara fom ɗin ya yi shi ne don gidan da miji da mata suke suna ɗaya kuma ba wanda yake sama da matar. Gidajenmu ba haka suke ba, kuma kai ne kaɗai a wannan ofishin da ya san haka.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. A Islamiyyarmu ta ranar Asabar akwai 'yan mata uku da iyayensu suke aiki a jiragenku ta hannunka. Na roƙe su su tambaya a gida. Ɗaya sunan kawu ne a Tamale, ɗaya yayan uba ne a Kumasi, ta ukun mahaifinta ya ce sunan wani babban yayansu ya sa, wanda ya rasu bara, kuma ba a canja ba. Ba ko ɗaya da sunan mahaifiyarta yake a takarda. Idan mu da babbanmu yake Birmingham mun yi awa ashirin da shida, su fa?

Na shida: abin da nake tsoro.

Tun daga ranar ba na iya barin wayata. Na daina kai ta aji don kada a sake karɓewa, amma a bas ina duba jiragen da ba na Baba ba, in ga ko wani ya karkata. Idan mota ta tsaya a layinmu sai na leƙa in ƙirga mutanen ciki. Malamar labarin ƙasa ta sake kafa taswirar tekun a bango don bita, na nemi izinin fita, na tsaya a banɗaki har aka buga ƙararrawa. GCSE ɗina, jarrabawar gama sakandare, saura 'yan watanni.

Akwai kuma abin da na gano da na zauna na bincika. Da jirgin ya fi kusa da Dublin a ranar, can za a kai Baba. Mma fasfon Ghana gare ta, kuma takardar zamanta ta nan ba ta shigar da ita Jamhuriyar Ireland, sai ta nemi biza. Wato a ruwa ɗaya, a hanya ɗaya, tazarar 'yan awoyi ce take raba inda mace za ta iya zuwa ta zauna kusa da mijinta da inda ba za ta iya ba. Wannan ba laifinka ba ne, kuma na san ba ka da ikon gyara shi. Amma ya sa kowace awa tana da muhimmanci, domin mai neman biza ba ta da kwana guda na zubarwa tana jiran mota daga Birmingham.

Ina kuma tsoron wannan wasiƙar. Ina tsoron Baba ya yi fushi da ni. Ina tsoron a ce 'yar Adamu ba ta da kunya, ta ambaci manya a bainar jama'a. Abin da na fi tsoro shi ne a ɗauke shi a kan Baba, a ƙi sabunta masa aiki. Ba shi da hannu a ciki. Idan akwai laifi, nawa ne ni kaɗai.

Roƙona.

Ba na neman a hukunta kowa, ba na neman diyya, kuma ban ce a hana Baba zuwa teku ba, da shi muke ci. Abu huɗu nake roƙo.

Na farko, kuma shi ne babba: a ƙara layi na biyu a fom ɗin. Babba ya zauna a layinsa na sama da girmansa, ba wanda ya soke shi, matar gida ta shiga na ƙasa. Idan ofis ne ya ce kowa ya cika layi biyu, Baba zai cika ba tare da jin nauyin kowa ba, domin doka ce ta aiki, kuma Baba Yakubu ba zai ji an rage masa komai ba.

Na biyu: idan wani abu ya faru, a kira mutum biyun a lokaci ɗaya, kuma abin da za a fara faɗa shi ne ko mutumin yana da rai da inda yake. Sauran bayani ya biyo baya.

Na uku: idan wanda za a kira dattijo ne da Turancin waya yake ba shi wahala, kai ka kira shi da Hausa, ka kuma sa ya maimaita maka abin da ya ji.

Na huɗu: a kira dukan mutanenmu da suke jiragenku su sake duba fom ɗinsu, don kada a tarar da sunan mamaci ranar da ake buƙatar mai rai.

Idan canja fom ɗin kamfani gaba ɗaya zai ɗauki lokaci, na fahimta, na san akwai waɗanda suke sama da kai. Amma Litinin ba za ta jira ba. Don haka na yi hoton kwafen Baba a laburare, na sa rula na ja layi a ƙarƙashin sunan Baba Yakubu, na rubuta sunan Mma da lambarta da manyan baƙaƙe. Ban taɓa sunan Baba Yakubu ba. Takardar tana cikin ambulan a jakata ta makaranta. Ranar Juma'a muna tashi daga makaranta da wuri, zan tsaya a wajen masallaci ta ƙofar mata bayan an sallame. Ba sai ka yi mini magana ba. Ka aiko a karɓa, ka kira Baba ka ce ofis yana so ya sa hannu. Daga bakinka ba zai ƙi ba.

'Yan kunnen Mma da awarwaronta suna nan cikin wani ɗan faranti a saman firij. Baba ya dawo, ya warke, amma ba ta mayar da su ba. Na tambaye ta, ta ce bari dai ya je ya dawo tukuna. Ina so ranar Litinin, idan zai fita da jakarsa, in iya ce mata ko me ya faru a ruwan nan wayarta ce za ta yi ƙara, ba ƙofa ba, in miƙa mata farantin.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama da aikinka lafiya. Allah ya ja kwanan Baba Yakubu, ya saka masa da alherin riƙon da ya yi wa mahaifina. Allah ya tsare duk wanda yake kan ruwa, namu da wanda ba namu ba, ya dawo da kowa gidansa da ƙafarsa. Amin.

Wassalam.

'Yarka,
Safura Adamu,
Longsight, Manchester.